Raddi Ga Masu Cewa Mamatan Kano Na 2020 Dama Sun Ci Zamaninsu

Har yau akwai masu cewa mace-macen da suka girgiza Kano a Afrilun 2020 ba ɓarnar annoba ba ce. Hujjarsu ta farko, wai waɗanda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ce korona ta kashe ba su taka kara sun karya ba. To ai NCDC wanda aka gwada kawai take ƙirgawa, kuma daidai lokacin da masu haƙar kabari suka rasa hutu aka rufe ɗakin gwajin Asibitin Malam Aminu Kano. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas, fiye da rabi a gida, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona. Za su ce daga bakin iyalai aka samo wannan, ba daga gwaji ba. Haka ne, amma a garin da ake binne mamaci ranar da ya cika, wace shaida ta rage? Hukumar Lafiya ta Duniya ma, da ta auna rarar mace-mace ta 2020 da 2021 a faɗin duniya, miliyan 14.9 ta samu, alhali miliyan 5.4 ƙasashe suka bayar.

Ta biyu, wai ciwon suga ne da hawan jini. Shin a 2019 babu su a Kano?

Ta uku ta fi yaudara: wai yawancinsu sun haura 65, sun zarce matsakaicin shekarun ɗan Najeriya, hamsin da 'yan kai, don haka ba a yi asarar komai ba. Wannan matsakaici mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ke ja da shi ƙasa. Ba wa'adin dattijo ba ne. Wanda ya tsallake ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro har ya kai 65, a lissafin masana yana da sauran fiye da shekara goma, kuma da wannan saura ake auna asarar. Mai cewa ajali ne ya yi gaskiya, sai dai binciken sanadi ba jayayya da ƙaddara ba ne. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba.

Ya kamata Gwamnatin Kano ta sa rajista a kowace maƙabarta, daga Tarauni har Dandolo, a riƙa rubuta shekarun mamaci da ranar rasuwarsa.