Shirunmu a kan ƙurar Reggane abin kunya ne

Ran 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta ɗora bam ɗinta na nukiliya na farko a kan wata hasumiyar ƙarfe kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta fasa shi a fili. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Ta ƙara uku a nan, sannan ta koma In Ekker, arewa da Tamanrasset, tana fasawa a cikin dutse har 1966. Na ran 1 ga Mayun 1962 dutsen ya kasa riƙe shi, ya feso hayaƙin guba a kan sojoji, har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo.

Iska ba ta san iyaka ba. Taswirar sojan Faransa da aka fallasa a 2014 ta nuna ƙurar bam ɗin farko ta kai Tamanrasset, ta kai Njamena, ta kai Bamako. To, ku ɗauko taswira ku duba inda Agadas take tsakanin Tamanrasset da Njamena. A lokacin hunturu ne kuma, rijiyoyi a buɗe, raƙuma na kiwo, cuku na shanye a kan tabarma.

Laifin Faransa a bayyane yake, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ku nake, shugabanni da masu ilimin jihar Agadas. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta Nijeriya ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Aljeriya har gobe tana neman a nuna mata inda aka binne sharar. Mu fa? Wa ya bi rugage da ƙauyukan Abzin ya ji ta bakin tsofaffin da suka rayu a shekarun? Ina rajistar masu ciwon daji da za mu dafa mu ce a biya mu diyya?

Mun iya zancen yuraniyom in ana maganar kuɗi. An kori sojan Faransa a 2023, an karɓe kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAIR a 2025, mun yi tafi, madalla. Amma mahaƙar COMINAK ta rufe tun 2021 ta bar tudun shara mai guba na miliyoyin tan a gefen Akokan, kuma tun 2003 masu bincike na CRIIRAD suka tarar da gurɓatattun ƙarafan ma'adinai a kasuwar Arlit, irin waɗanda talaka ke saya ya kai gida. Wanda bai damu da gubar da ke ƙofar gidansa ba, yaushe zai tuna wadda iska ta kawo a 1960?

Jami'ar Agadas, ki tura ɗalibanki su auna ƙasa da ruwan rijiyoyi, su naɗi muryar dattawa tun suna raye. Mai Martaba Sarkin Abzin da Gwamna, ku matsa wa Yamai ta nemi takardun gwajin nan daga Faransa a rubuce, ta kuma karanta wa jama'a amsar a rediyo.