Sabon malami da farin shafi

Masu ƙera manhajojin rubutu da na tsara ayyuka sun rabu gida biyu. Wasu, kamar Google Keep, farin shafi suke miƙa maka, ka yi yadda ka ga dama. Wasu, kamar Word da OneNote da Notion, da samfurori suke zuwa, an ja layi an bar gurabe, naka cikewa. Ni ina bayan samfuri, kuma dalilina yana cikin azuzuwanmu na nan Gure.

Duk wanda ya bi ta makarantar horar da malamai ya san takardar shirin darasi, wadda muke kira fiche de préparation: aji, minti nawa, manufa, kayan aiki, abin da malami zai yi, abin da yaro zai yi, sannan gwaji. Mun ja layukan nan har hannu ya saba. Amma akwai malaman kwantaragi da aka tura ƙauye ba tare da cikakken horo ba. Irin wannan malami in ya buɗe waya ya tarar da farin shafi, kan darasi zai rubuta, sai ya kwafe littafi. Gurbin da aka rubuta "manufa" a kansa kuwa tsare shi zai yi da tambaya: me yaron nan zai iya bayan minti 30 wanda bai iya ba da safe? Iyaye, wannan tambayar ce take raba ranar da ɗanku ya koyi abu da ranar da ya je ya yi zaman rumfa kawai.

Za a ce samfuri yana kawo lalaci, a karɓo cikakke ta WhatsApp, a sauya kwanan wata, a nuna wa sufeto. Ana yi. Amma tun zamanin littafi da biro ake kwafar shirin wani, kuma maganinsa darekta ya shiga aji ya zauna ya gani.

Inda nake da ƙorafi shi ne samfurorin da ke cikin manhajojin nan ba don mu aka yi su ba. Na taron ofis ne, na kasafin tafiya hutu, galibi da Turanci, wasu ma sai da intanet suke buɗuwa. Ba su san CI zuwa CM2 ba, ba su san shekarar da ke farawa a Oktoba ba. Yaron Gure yana shiga CI da Barbarci ko Hausa ko Tubanci ko Fulatanci a bakinsa, don haka shirin darasinmu yana buƙatar gurbin da zai ce da wane harshe za a fara bayyana sabuwar kalma. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu ƙ da ɗ da ƴ sai malami ya yi ta laluben su a waya.

Ba sai mun jira kamfanonin ba. A zaman CAPED mai zuwa, malamai su haɗu su tsara shafi guda a Word, gurabe takwas ko tara, wanda kowa zai iya gogewa ya ƙara, a tura wa juna ta Bluetooth.