Ci Gaba Ko Shafe Tarihi?

Duk wanda ya san birnin Kano ya san sunayen unguwanninsa da lungunansa tarihi ne. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Dandalin Turawa suna tuna mana baƙin da suka zo suka zama 'yan gari, Soron Ɗinki kuwa sana'ar mazaunansa yake faɗa. To, ga shi yau katafila tana bin tsofaffin hanyoyin nan tana shafewa.

Alal misali, a shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Ita kuwa ganuwar da Sarki Gijimasu (1095-1134) ya aza harsashinta, gidaje da shaguna sun cinye mafi yawanta.

Ba wanda ya ƙi titi mai faɗi, domin mai naƙuda tana bukatar mota ta iso ƙofar gidanta. Amma ashe titi ba zai iya kewaye ƙofa ya bar ta tsaye ba?

Saboda haka wajibi ne mu ɗaliban Hausa mu shiga lungunan da suka rage, mu rubuta sunayensu da asalinsu daga bakin dattawa, tun kafin a rasa lungun da mai ba da labarinsa. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.