Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gidajen Motsa Jiki



Gidajen motsa jiki suna ta ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja, kuma abin a yaba muku ne. Sai dai da yawansu an tsara su ne don saurayi lafiyayye kaɗai. Mai keken guragu yana isowa ƙofa, matakala ta tare shi. Matar aure ta leƙo, ta tarar da ɗaki cike da maza, ta juya. Dattijo mai hawan jini ya rasa wanda zai koya masa miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi a tsanake. Alhali su ne suka fi buƙatar ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma shawararta ta 2020 ta haɗa da naƙasassu da masu juna biyu.

Za ku ce gyara yana cin kuɗi. Gaskiya ne, amma dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Ware wa mata lokacinsu da mace mai horarwa kuma ba ya buƙatar bulo ko ɗaya. Wasu za su ce naƙasassu ba sa zuwa. Ta yaya za su zo inda ba a yi musu hanya ba? Ai ba rashin ƙwazo ba ne: a gasannin Rio na 2016, naƙasassun Nijeriya sun ciyo zinare 8, masu lafiyar gaɓoɓi kuwa suka dawo da tagulla guda.

Don Allah ku gyara ƙofofinku, ku ware wa mata lokaci, ku sassauta wa tsofaffi farashi.

Wassalam.