Karɓar Baƙuncin Gasar Duniya a Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan karatun Magariba a masallacinmu na Kasuwar Daji, wani ɗalibi ya tambaye mu ko ya kamata mu yi baƙin ciki da Najeriya ta nemi karɓar baƙuncin gasar ƙasashe renon Ingila ta 2030 a Abuja, aka ba birnin Ahmedabad na Indiya. Amsarmu ita ce asarar ba ta kai yadda ake zato ba, ga kuma dalilanmu.

Wasa a kan kansa halal ne matuƙar bai haɗu da caca ko tsiraici ko tozarta salla ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya shirya tseren dawaki, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a masallacinsa. Saboda haka ba mu da ja da matasanmu da ke cika gidajen kallo. Maganarmu tana kan dukiyar baitulmali.

Imam Shaɗibi, a littafinsa Almuwafaƙat, ya kasa maslahohi gida uku: larurori, kamar tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, sai buƙatu masu ɗauke ƙunci, sai abubuwan ƙawa. Ba a gabatar da na ƙasa a kan na sama. Gasar ƙasa da ƙasa, komai girmanta, a rukuni na uku take. Manomin Zurmi da ke biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, da ɗan kasuwar Shinkafi da ke bin hanyar Ƙaura Namoda zuciya na dukan uku-uku, suna rukuni na farko. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya a Zamfara saboda rashin tsaro.

Mun kuma taɓa ɗanɗana baƙuncin. Filin wasa na Sani Abacha da ke Kano ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. An gina katafaren filin Abuja domin wasannin Afirka na 2003, amma daga baya ciyawarsa ta lalace har sai da Alhaji Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyara ta, Super Eagles kuma ta koma buga wasanninta na gida a Uyo. Biki na wata guda, ɗawainiya ta shekaru. Allah Ya jiƙan Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda a 2008 ya ƙi amincewa da kasafin gasar 2009 har sai da aka zaftare shi.

Akwai kuma haƙƙin lebura. Da yawanmu mun yi alfahari da Ƙatar a 2022, musamman da ta hana sayar da giya a filayen wasa, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Sai dai jagoran kwamitin shirya gasar, Hassan al-Thawadi, ya faɗa da bakinsa cewa ma'aikata baƙi tsakanin 400 zuwa 500 sun rasu a ayyukan da suka shafi gasar. Addinin da ya haramta giya shi ne ya wajabta biyan ma'aikaci da gaggawa da kiyaye ransa. Wannan ma'auni yana jiran Moroko a 2030 da Saudiyya a 2034, domin Musulunci ba ya sassauta hisabi don mai masaukin ɗan'uwa ne. Tuni matasan Moroko suka fito zanga-zanga a 2025 suna neman a gyara asibitoci da makarantu kafin filayen ƙwallo.

Masu goyon baya suna cewa gasa tana kawo hanyoyi da ciniki da martaba. Muna karɓar wannan idan an cika sharuɗɗa uku: a bayyana wa talakawa abin da za a kashe da inda kuɗin zai fito, a biya ma'aikata cikin aminci, a kuma nuna amfanin ginin bayan baƙi sun watse. In ba haka ba, almubazzaranci ne, wanda Suratul Isra'i ta yi kakkausan gargaɗi a kansa. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyadina Umar ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun wadata. Shugaban da talakawansa ke kwana a daji ba ya shimfiɗa wa duniya darduma da kuɗinsu.

Ɗalibanmu, ku yi wasanku, ku tsai da sallarku, ku kuma koyi tambayar wakilanku a kan kowace naira. Ranar da aka yi noma lafiya daga Kasuwar Daji har Shinkafi, mu ne za mu fara yi wa baƙi maraba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Shi ne Mafi sani.