Wayarka shaida ce a kanka, to ina lauyanka?

Ya kai ɗan'uwa matashi da ka sayi wannan jarida bayan ka sauko daga Juma'a, kafin ka ci gaba da karatu sa hannunka a aljihu ka taɓa wayarka. Wannan 'yar aba ta san inda ka kwana jiya, ta san wanda ka kira da asuba, ta san minti nawa kuka yi, kuma abin da ta sani ba ita kaɗai ta sani ba. Ranar da aka so kama ka, ita ce shaida ta farko da za a gabatar. Tambayar da nake so mu yi wa kawunanmu ita ce, a wannan ranar wa zai tsaya maka? Mutum nawa muke da su a cikinmu da suka san dokokin da ake juya jarida da rediyo da waya da su a ƙasar nan?

Manyanmu sun ga irin nasu zamanin. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 4, wadda a ƙarƙashinta ake iya ɗaure ɗan jarida saboda labarin da ya kunyata gwamnati, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda. A 1986 aka aika wa Dele Giwa bom a cikin ambulan har gidansa a Legas. A 1994 Janar Abacha ya garƙame Guardian da Punch da Concord, a 1995 kuma kotun soja ta asirce ta ɗaure 'yan jarida 4 bisa zargin hannu a juyin mulki, ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a 1998. Zaluncin wancan lokaci a fili yake, kowa yana ganin motar sojoji a ƙofar maɗaba'a, kowa yana ganin kwaɗo a jikin ƙofa. Na yau kuwa ya sa riga da hula, yana zuwa ne da sashe kaza na doka kaza, da wasiƙa daga hukuma, da tara, da lasisi. Wanda bai iya karanta waɗannan takardu ba, za a yanka shi da su yana tsammanin ana shafa masa mai.

Duba yadda aka ɗaure mu sannu a hankali. A 2001 wayar salula ta shigo, muka yi murna. A 2011 aka fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. A 2014 aka kawo lambar BVN a bankuna. A 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci kamfanin MTN tarar Naira tiriliyan 1.04 saboda bai katse layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista ba, daga baya aka sasanta a kan Naira biliyan 330, tun daga nan duk wani kamfani ya shiga taitayinsa. A watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a Afrilun 2022 kuma aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. Ma'ana, yau fuskarka da yatsanka da asusunka da layinka duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Sannan sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin waya su adana bayanan mai layi da na zirga-zirgar kiransa har tsawon shekara 2, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. A 2019 NCC ta fitar da ƙa'idojin sauraren wayar mutane, waɗanda suka ce a nemi izinin alƙali, amma suka bar ƙofa a buɗe ta a fara saurare kafin izinin idan an ce lamarin na gaggawa ne.

Ba ina cewa duk wannan ba shi da dalili ba ne. Mun san masu garkuwa da mutane da waya suke cinikin rayukan bayin Allah, kuma babu mai hankalin da zai ƙi a bi sawunsu. Amma wuƙar da aka wasa don ɓarawo, wa ya ba ka tabbacin ba za a ɗora ta a wuyan mai wa'azi ba? A watan Satumba na 2021 aka katse sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, sannan a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Talaka ya rasa yadda zai kira ɗan'uwansa, ɗan kasuwa ya rasa ciniki, mai haƙuri da ciwo ya rasa mai kai shi asibiti, 'yan bindiga kuwa ba su ƙare ba. Mu da abin ya faɗa a kanmu, mu nawa ne muka tsaya muka tambaya da wane sashe na doka aka yi mana haka, kuma wa zai biya asarar da aka yi? A watan Nuwamba na 2022 aka bi wani ɗalibi har Jami'ar Tarayya ta Dutse aka ɗauke shi zuwa Abuja saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ba a janye ƙarar ba sai da ƙasa ta ɗauki zafi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A duk waɗannan waƙi'o'i akwai inda aka ja da mahukunta aka kuma kayar da su, kuma waɗanda suka yi wannan aiki lauyoyi ne da suka ƙware a wannan fage. Gwamnati ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ƙungiyar SERAP da wasu suka kai ƙara Kotun ECOWAS da ke Abuja, a watan Yulin 2022 kotun ta ce toshewar haramtacciya ce. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, wanda a da yake tanadin ɗaurin shekara 3 ko tarar Naira miliyan 7 ga wanda ya aika saƙon da aka ce ya ɓata wa wani rai ko ya ci mutuncinsa, ita wannan kotun ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2024 kuma aka yi wa sashen gyara aka rage masa faɗi. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci gidaje 45 tarar Naira 500,000 kowanne a 2019, ƙungiyar Media Rights Agenda ta kai ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a watan Mayu na 2023 Mai Shari'a James Omotosho ya yanke cewa hukumar ba kotu ba ce, ba za ta zama ita ce mai ƙara kuma ita ce alƙali ba. Wannan hukunci ya shafi kowane gidan rediyo da ke sa karatun malamanmu. Amma ka duba sunayen masu kai waɗannan ƙararraki, ka faɗa mini nawa ne daga cikinmu. Mu dai namu shi ne a kama ɗan'uwa, mu yi Allah wadai, mu tara kuɗin beli, mu koma mu jira na gaba.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce. Zai ce ai wannan tsari ba na Allah ba ne, karanta dokarsa ɓata lokaci ne, zuwa kotunsa kuma miƙa wuya ne gare shi. Ina girmama kishin da ya haifar da wannan magana, amma mu koma ga tarihin magabata. Lokacin da Ƙuraishawa suka tura Amru bin Asi Habasha don a ba su Musulmin da suka yi hijira, Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) bai ce ba zai yi magana a fadar sarkin da ba Musulmi ba. Ya tsaya gaban Najjashi ya kare 'yan'uwansa da hujja da fasaha, har jakadun Makka suka koma da kyaututtukansu. In wannan ba aikin lauya ba ne, to mene ne? Manzon Allah (S) da ya dawo daga Ɗa'ifa ya shiga Makka ne a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im bin Adiyyi, wanda mushiriki ne, bisa al'adar ba da mafaka da Larabawa suka yarda da ita, kuma wannan bai rage komai daga da'awarsa ba. Annabi Yusuf (AS) da aka zo fitar da shi daga kurkuku ƙin fita ya yi sai da sarkin Masar ya sake binciken maganarsa aka wanke shi a bainar jama'a. Wanda aka zalunta ya nemi haƙƙinsa da abin da azzalumin ya rubuta da hannunsa, wannan kafa masa hujja ne, ba yarda da shi ba ne.

Kuma ga abin da suka rubuta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce an kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 39 ya ba shi 'yancin faɗin ra'ayi da yaɗa shi. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauyansa, kuma a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu kusa, ko kwana 2 idan babu. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, ka sa ya gyara ko ya goge, ta sanya aƙidar mutum ta addini cikin bayanan da ake tsananta kariyarsu, ta kuma tanadi tarar da ta kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar babban kamfani a shekara, duk wanda ya fi yawa. Ban ce ka saki jiki ba. Ita wannan dokar ta ware harkar tsaro daga yawancin sharuɗɗanta, sashe na 45 na kundin ma ya ba da damar taƙaita waɗancan haƙƙoƙi da sunan tsaro, kuma mun sha ganin kotu ta yi umarni mahukunta sun yi kunnen uwar shegu. Amma daidai wannan gurbin ne ake fafatawa, a kan ina iyakar kalmar tsaro take, kuma wanda bai halarci fafatawar ba da shi za a yi hukunci.

Sai dai kafin mu nuna wa wani yatsa mu dubi kanmu. Shekaru fiye da 1,400 kafin a kafa wata hukumar kare bayanai, Allah (T) Ya haramta bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, Ya yi umarni da tantance labari a aya ta 6, Ya hana shiga gidan wani ba da izini ba a aya ta 27 ta Suratun Nur. To ɗan'uwan da ke naɗar muryar abokinsa a ɓoye ya watsa, da wanda ke ɗaukar hoton hirar sirri ya jefa a zauren WhatsApp, da wanda ke buɗe wayar ƙanwarsa ko matarsa tana barci, da wane baki zai zargi ɗan leƙen asiri? Wanda ke tura labarin an kashe mutum kaza a gari kaza bai bincika ba, ya saɓa wa Allah, sannan ya miƙa wa masu neman sa igiyar da za su ɗaure shi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, don ita ba ta ruɓewa.

Saboda haka ina kira ga matasanmu da abubuwa 4. Na farko, masu shirin shiga jami'a, a samu waɗanda za su karanta shari'a da niyyar ƙwarewa a dokokin jarida da sadarwa da bayanai, a kuma tallafa musu kamar yadda ake tallafa wa mai karatun likita. Na biyu, kowace da'ira ta gayyato lauya ya karantar da 'yan'uwa haƙƙin wanda aka kama, a kuma ware asusun shari'a tun kafin ɓacin rana. Na uku, ka riƙe bayananka da daraja. Kada ka sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, kada ka yi wa wani rajista da naka, kada ka miƙa lambar NIN ga duk wanda ya ce zai sa ka a tallafi. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa kansa a kan Naira 100 a wani shafin intanet, to ina ga kai? Ka nisanci manhajojin bashi, waɗanda bayan riba da suke ci, suna kwashe lambobin da ke wayarka su aika wa surukanka cewa kai ɓarawo ne, irin laifin da ya sa hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko tarar Naira miliyan 10 a 2021. Na huɗu, duk wanda aka ba riƙon sunayen 'yan'uwa da lambobinsu, na makaranta ne ko na taimakon marayu, ya sani amana ce a wuyansa, kuma za a tambaye shi.

Wanda ya tsaya gaban alƙali ya fitar da ɗan'uwansa daga hannun azzalumi yana cikin aikin da Ja'afar ya yi, in niyyarsa ta yi kyau. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana asirinmu duniya da lahira, Ya kuɓutar da duk wanda ake tsare da shi bisa zalunci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.