Kakin Fareti Daban, Kakin Rami Daban: Sojan Ƙasa Na Rasha



Duk ranar 9 ga watan Mayu, bidiyon faretin sojojin Rasha a birnin Mosko yakan cika mana waya. Kaki sabo fil, hular kwano a rufe da yadi, bindiga na sheƙi, ƙafa na dukan ƙasa a tare. Mukan kalla mu ce lallai waɗannan sun gama shiri. Ra'ayinmu a yau shi ne: ba a auna rundunar soja da abin da ta nuna ranar fareti. Ana auna ta da abin da kurtu na ƙarshe yake sanye da shi a cikin rami, lokacin da babu kyamara.

Mu fara da abin da ke rubuce a takarda. Rasha tana da tsarin kayan sojan ƙasa mai suna Ratnik, wanda ta fara rabawa da yawa wajen 2015. A cikinsa akwai hular kwano 6B47, wadda ba ta ƙarfe ba ce, an yi ta ne da zaren aramid mai tauri, nauyinta kusan kilo ɗaya. Akwai rigar sulke 6B45 da ake zura wa faranti gaba da baya, da tufafi hawa-hawa da ake ƙarawa ko ragewa gwargwadon sanyi, da kaki mai ɗigo-ɗigon kore da ake kira EMR, da na'urar sadarwa mai aiki da taurarin GLONASS. Duniya ta fara lura da irin wannan shiga ne a 2014, sa'ad da sojoji marasa tambari suka bayyana a Kirimiya.

Ta fannin makami, akwai kuskuren da kusan dukkanmu muke yi: kowace bindiga mai lanƙwasasshen gidan harsashi sai mu ce AK-47. Sojan Rasha ya daɗe da barin ta a matsayin babbar bindigarsa. Tun 1974 aka koma AK-74, mai ƙaramin harsashi na milimita 5.45 a maimakon 7.62, saboda ya fi sauƙin ɗauka kuma bindigar ba ta yawan zabura a kafaɗa. A 1991 aka fito da AK-74M, a 2018 kuma aka karɓi AK-12. Bayan su akwai mashinga PKM da Pecheneg, da SVD ta masu harbi daga nesa wadda ke aiki tun 1963, da RPG-7 ta 1961. Ku lura da shekarun: yawancin abin da ke hannun sojan Rasha gadon Tarayyar Sobiyet ne da aka yi wa kwaskwarima.

To me ya faru da aka zo gwaji? A ranar 21 ga Satumba 2022, Putin ya ba da umarnin kiran ƙarin mutane zuwa yaƙin Yukren, ministan tsaro Sergei Shoigu ya ce dubu 300 ake buƙata. Nan asiri ya tonu. Aka riƙa ganin waɗanda aka kira da tsohuwar hular ƙarfe SSh-68 ta zamanin Sobiyet, wasu da bindigogi masu tsatsa, iyalai na haɗa kuɗi suna saya wa 'ya'yansu takalmi da rigar sulke da kayan ɗaure rauni. A yankunan Donetsk da Luhansk har an ga mayaƙa da bindigar Mosin, wadda asalinta na 1891 ne. Wani ɗan majalisar Rasha kuma tsohon janar, Andrei Gurulev, ya fito fili yana tambayar ina kaki miliyan ɗaya da rabi da ya kamata a samu a ma'ajiya suka shiga. A Afrilu 2024 aka kama mataimakin ministan tsaro Timur Ivanov, daga baya aka yanke masa shekara 13 kan almundahana. Hular da aka biya kuɗinta amma ba ta iso ba, kan wani talaka ne zai biya bashin.

Wani zai ce mun yi son kai, domin Rasha ba ta tsaya a 2022 ba. Gaskiya ne, kuma adalci ya sa mu faɗa. Masana'antunta sun ƙara ƙaimi, kayan sun fi samuwa daga baya, kuma tsohuwar Kalashnikov da ake wa kallon raini tana aiki cikin laka da ƙanƙara. Amma wannan ma yana ƙarfafa maganarmu. Filin daga ne ya tsara shigar sojan, tsarin Ratnik bai hango shi ba. Saboda kakin ɓangarorin biyu ya yi kama, sai da aka koma ɗaura salatif a hannu da ƙafa: fari ko ja ga Rasha, rawaya, shuɗi ko kore ga Yukren. Saboda ƙananan jirage marasa matuƙi, soja ya koma rataya bindigar farauta mai watsa harsashi don kakkaɓo su. Kuma mu tuna, rundunar nan sai a 2013 aka umarce ta da ta daina naɗe ƙafa da ƙyalle ta koma safa.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Sojojin Rasha masu ba da horo sun sauka a Yamai a Afrilu 2024, hotunansu na yawo a zaurukanmu, kuma an sha samun rahotannin matasan Afirka da aka ja zuwa yaƙin da alƙawarin aiki da albashi. Matashin da bai san komai game da sojan Rasha ba sai bidiyon fareti, shi ne mafi sauƙin yaudara. Mu da muke riƙe da alƙalami, idan muka zana soja kamar jarumin fim, sulkensa ba ya hujewa, harsashinsa ba ya ƙarewa, mun taya mai farfaganda aiki kyauta, ko na Mosko ne ko na wani wuri.

Don haka idan za mu sa soja a labari, mu tambayi nauyin da ke bayansa, da wanda ya saya masa takalmi, da shekarar da aka ƙera hular da ke kansa. Amsoshin nan su ne za su sa mai karatu ya yarda da mu.

Muna jiran ra'ayoyinku da gyararrakinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.